Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Injiniyanci



Ku da kuka karanci ƙera mutum-mutumi, a kan tafiya zan yi muku magana, don har yanzu ita ce ke shanye batir.

A shekarar 2000 kamfanin Honda na Japan ya fito da ASIMO, duniya ta zuba ido. To amma ku dubi takunsa: gwiwa a lanƙwashe, kowace gaɓa da injin da ke riƙe da ita, ko tsaye yake wuta na tafiya. Caji ɗaya bai fi ya kai shi awa guda ba.

Alhali tun 1990 Tad McGeer, a Kanada, ya nuna wata hanya. Ya haɗa ƙafafun ƙarfe, babu inji, babu batir, babu kwamfuta, ya ɗora su a kan 'yar gangara. Sai ga su suna takawa da kansu. Ƙafar da ke sama ta yi lilo ta wuce gaba, gwiwa ta miƙe, diddige ya dira, nauyi ya koma kanta, ta baya ta tashi. Haka Allah Ya tsara namu takun, shi ya sa manomi ke zuwa gona mai nisa da ƙafa, ya dawo da sauran ƙarfinsa.

A 2005 Steve Collins da Andy Ruina da abokan aikinsu suka bayyana a mujallar Science cewa mutum-mutumin Jami'ar Cornell, mai ɗan tunkuɗa ƙasa da idon sawu kawai, yana cin makamashi kusan daidai da ɗan'adam in aka auna nauyi da nisa. Na ASIMO kuwa sun ƙiyasta ya ninka haka fiye da sau 10. A 2011 wani na Cornell mai suna Ranger ya taka kilomita 65 da caji ɗaya.

Sai dai a shimfiɗaɗɗen daɓe ya yi ta. Irin waɗannan masu tsimin wuta, ɗan dutse ko rami na iya kayar da su, masu tsayawa da ƙafarsu kuma cin wuta gare su. Haɗa biyun shi ne aikin da ke jiranku, kuma ina da yaƙinin za ku iya, domin kun tashi kuna lissafin kowane caji. Wannan ilimin kuma zai amfani masu jiran ƙafar roba da ba za ta gajiyar da su ba.

 Ku taso ku karɓi takardunku.