Lasifikar da Muka Haɗa da Hannunmu



Jarin malami muryarsa ce. A nan Bena, idan hunturu ya kama, ƙura da garin alli suka taru a maƙogwaro, kafin a tashi taron safe muryar mai jawabi ta dushe, yaran sahun baya kuma ba su ji komai ba. Mun jira a sayo mana lasifika har mun gaji, sai muka haɗa tamu.

Mun ciro ɗan ƙaramin makirfo daga tsohon abin saurare na wayar salula. Mai gyaran rediyo ya jona mana shi da sashen ƙara sauti na wata tsohuwar rediyo, muka ba ta wuta da batirin babur mai bolt 12. Irin wannan makirfo ba ya ɗaukar magana sai an ɗan ɗiga masa wutarsa ta daban. Kwana biyu muka yi kafin mu gane haka.

Ranar gwaji kuwa mun sha kunya. Muna kunnawa ta ƙwala wata ƙara, yara suka toshe kunnuwa, masu dariya na yi. Ashe makirfon ne a gaban lasifikar, yana sake haɗiye abin da ta fitar. Da mai magana ya koma bayanta, ƙarar ta ɗauke. Muka naɗe bakin makirfon da soso saboda iska.

Batirin dai na aro ne, mai babur yakan karɓi abinsa ranar kasuwa. Muna roƙon reshe ya duba batun batiri da ƙaramin faifan sola kafin hunturu ya dawo.