WANE NE KE DUBA MARASA LAFIYARMU A GIDA?

 



An nemi mu yi magana a kan kiwon lafiya, alhali alli da allo muka sani, ba allura ba. Mun amsa ne saboda da yawa daga cikin masu duba marasa lafiya a ƙasar Kebbe da Tambuwal ta hannunmu suka bi a firamare, kuma tun da muka ajiye aiki muna zama da su muna jin kukansu.

A nan gida duk wanda ya sa farar riga likita muke ce masa. Amma mutumin da zai fara taɓa jikin ɗanka cikin dare a Fakku ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiyar al'umma ne, magajin wanda muke kira malamin asibiti ko dispensa tun zamanin En'e. Ba a nan kaɗai aka dogara da irinsa ba. A Amurka ma, da likitoci suka yi ƙaranci, Jami'ar Duke ta fara horar da mataimakan likita a 1965. A Nijeriya, bayan taron Alma-Ata na 1978, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dage cewa a kai lafiya matakin farko har ƙauye, a kuma ɗora ta a kan waɗannan ma'aikata. Ƙaraminsu yakan yi karatun shekara 2, babba shekara 3, a irin kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. Yana da littafin umarni da ke nuna masa abin da zai yi magani da kansa da abin da dole ya tura gaba.

A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin da ya ba su damar yin wasu ayyukan da a dā sai likita ko ƙwararriyar ungozoma, in an horar da su. A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne rayukan matanmu suke.

Abu biyu ke saurin kashe mace wajen haihuwa: zubar jini da jijjiga. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara rabon maganin misoprostol ga masu ciki har cikin gidaje, tare da man chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri. Ƙwayoyi uku ne mace ke sha da zarar jariri ya fito, su sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Amma in ta sha tun yaro yana ciki, ko akwai ɗan tagwai da bai fito ba, mahaifa na iya fashewa. Ashe ba samun maganin kaɗai ne abin nema ba, sai da mai ilimin da zai zauna da mace ya fahimtar da ita lokacin sha. Haka man cibiya: sai an sami wanda kaka za ta yarda da maganarsa kafin ta daina gasa cibi da tsumma mai zafi ko shafa masa man goge baƙi. Ita kuwa jijjiga, hawan jini ne ke kawo ta, kuma awon ciki na iya gano shi da wuri. In ta riga ta kama mace, ma'aikacin da aka horar zai yi mata allurar farko ta magnesium sulphate, sannan a ɗauke ta zuwa babban asibitin Kebbe ko Tambuwal. Wannan allura ce ke sa ta isa da ranta.

To, wa zai shiga ɗakin? Mun san al'adarmu. Magidanci ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, ita ma matar ba ta so. Ke nan sai ma'aikaciya mace, kuma wadda aka turo daga nesa ba ta daɗewa. Mu da muka riƙe rajistar makaranta mun san inda matsalar ta faro. Sau nawa muka ja layi a kan sunan yarinya mai ƙwazo a aji biyar don an zo an ce za a yi mata aure, muka yi shiru don gudun ɓacin ran manya? Da mun tsaya wa goma daga cikinsu, da yau muna da masu karɓar haihuwa 'yan gida. Wannan laifi da mu a ciki.

Zazzaɓin cizon sauro ba sai mun tsawaita ba. Tun 2005 aka daina dogara da kulorakwin. Yanzu ana gwada ɗigon jini, cikin kamar minti 20 a san ko shi ne. Tun 2015 kuma ake bi gida-gida da damina ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata. Ma'aikatan nan ne ke lura da aikin.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwanmu na birni, kuma a gafarce mu. Wani zai ji mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ya shiga kemis ya sayi magani cike da leda ya ba direba, ya buga waya ya ce a bar abin da "yaron asibitin nan" ya rubuta. Bai ga tsohuwar ba, bai auna jininta ba. Wani kuma in ma'aikaci ya ce a wuce da marar lafiya gaba, sai ya ce ai bai iya aiki ba ne, alhali sanin iyakarsa shi ne rabin aikinsa. Mafi ciwo, in an turo ɗanmu ko 'yarmu aiki gida, mu ne ke bin ofis-ofis da takardar alfarma har sai an mayar da su Sakkwato. Sannan mu taru a nan mu ce gwamnati ta manta da Fakku. Mun taɓa kai wani maƙwabci wani asibitin ƙauye da dare muka tarar da ƙofa a kulle, saboda mutum ɗaya ne ke aikin safe da na dare, ranar kuwa ya tafi karɓo magani.

Saboda haka muna roƙon kwamitin ilimi na wannan ƙungiya ya ɗauki nauyin 'yan mata biyu kowace shekara zuwa Gwadabawa ko kwalejin jinya da ungozoma ta Tambuwal, da yarjejeniya a rubuce, gaban Uban Ƙasa da iyayensu, cewa za su yi aiki a gida na wasu shekaru. Muna roƙon a gyara ɗaki kusa da asibiti inda ma'aikaciya za ta kwana cikin mutunci, a sa fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa. A kuma yi magana da direbobin tasha a ware kuɗin mai, don kada a tsaya ciniki mace tana zubar da jini. Sunayen ɗaliban da muke ganin za su iya suna hannunmu, za mu miƙa wa sakatare bayan an tashi.