Idan Burauza Ta Yi Gum



Mas'alarmu ta yau ita ce ta mutumin da ya zauna gaban kwamfutarsa ta tebur, ya buɗe Chrome ko Firefox da niyyar sauraron tafsiri, sai ya ga bakin malam yana motsi alhali babu sauti, ko kuwa hoton ya tsaya cik, 'yar da'irar nan tana ta juyawa a tsakiyar allo. Amma tun kafin mu yi nisa, ga nasiha guda: duk shafin da ya ce sai kun sauke wata manhaja sannan bidiyo zai tashi, kada ku danna.

Galibi sababin rashin sauti ba ya da nisa. Ku fara leƙa bayan akwatin kwamfutar, domin ramin lasifika kore ne, na makirfo ruwan hoda, kuma sau tari yaro ne ya zare wayar lasifika ya mayar ba a muhallinta ba. Daga nan ku dubi kan shafin can sama. In akwai alamar lasifika da aka ja wa layi, to shafin aka toshe wa baki, sai ku danna shi da maɓallin dama na maus ku sake shi. Haka nan Windows tana da ma'aunin sauti na kowace manhaja daban, ta yadda burauza kan kasance a rage ƙwarai alhali sauran suna amo. Kuma wanda ya haɗa allonsa da wayar HDMI, sautinsa kan karkata zuwa allon, ko da allon ba shi da lasifika.

Hoton da ke tsayawa kuwa, yawanci raunin sabis ne. Haba jama'a, sabis yana rarrafe, kun ɗora masa hoto mai ingancin 1080! Ku sauko 360. In bai daidaita ba, ku danna Ctrl da Shift da N a Chrome ku gwada a tagar sirri. In ya yi aiki a can, mai yiwuwa laifin ƙananan manhajojin da kuka liƙa wa burauza ne. Akwai kuma wani saiti na katin hoto da kan sa allo ya yi kore, wannan ku bar wa mai gyara.

Na koma kan nasihata, domin ita ce damuwata. Kamfanin Adobe ya yi bankwana da Flash Player tun ranar 31 ga Disamba 2020, burauzar yau ba ta buƙatarsa. Saboda haka wanda ya ce ku sabunta shi, haƙiƙa mayaudari ne, ƙwayar cuta zai cusa muku wadda za ta iya kwashe kalmomin sirrinku har na banki, garin neman gira a rasa ido. Sabuntawa ta halal daga cikin saitin burauzar kanta ake yin ta. In irin wannan saƙo ya bayyana, ku rufe shafin gaba ɗaya, kada ma ku taɓa maɓallin da ke cikinsa, kuma ku gargaɗi yaran gida da ke hawa kwamfutar in ba kwa nan.