Zakami a Tsakanin Abokai



A nan Maiduguri muna da samari, har da 'ya'yan ikkilisiya, masu haɗuwa su sha zakami. Wani ya ce nishaɗi yake nema, wani ya ce wahayi yake gani, kowa yana cewa ya san awonsa. 'Yan'uwa, zakami ba shi da mudu, gama ƙarfin dafinsa yakan bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Maƙogwaro ya bushe, jiki ya ɗau zafi, mutum ya kwana yana hira da waɗanda ba su nan, gari ya waye ya manta. Wane irin wahayi ke nan? Bitrus ya tuna nasa na Yafa, har ya zayyana shi a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 11.

In abokinmu ya fara sambatu, kada mu kulle shi a ɗaki don kunya. Mu kai shi asibiti a daren.