Ranar da Yaranmu Suka Tashi Yin Waƙa: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci

Hajiya shugaba, ma'aji, malamanmu na aji, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan shekara. An riga an karanta mana lissafin adashi da na rance, kuma alhamdu lillahi ba a ji kunya ba. Mu 'yan aji da aka ba mu 'yan mintoci sai muka ce ba za mu ƙara maganar kuɗi ba. Maganar yaranmu za mu yi, ranar da suke tashi gaban jama'a su rera waƙa, da irin ladabin da ake so daga gare su da kuma daga mu 'yan kallo.

A nan Indabo irin wannan taro ba ya yanke mana. Ga walimar sauka a Islamiyya, inda ake jera 'yan mata da hijabi iri ɗaya su yi ƙasida. Ga maulidi, ga ranar raba kyaututtuka a firamare. In azumi ya kwana goma kuma sai tashe, maza da Macukule da Jatau Mai Magani, 'yan mata da kiɗan ƙwarya. Kada wata ta ce ai wasan yara ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka, jajinta su haddace su kai musu har gida.

Abin da ya sa maganar ta dame mu shi ne mun san zafin tashi gaban mutane. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, amma da yawanmu sai da muka aurar da 'ya'ya kafin muka riƙe fensir. Mu ne muke cinikin da ɗan kasuwar Wudil ba ya cin mu ranar Juma'a, amma malama na cewa a tashi a karanta layi biyu a allo, sai gwiwa ta yi sanyi, harshe ya yi nauyi. To mace mai shekara arba'in ke nan, a tsakanin ƙawayenta. Ina ga 'yar shekara bakwai da aka miƙa wa lasifika, ga unguwa gaba ɗaya ta zuba mata ido?

Ladabin yaran ba shi da yawa, kuma a gida ake koyar da shi. A yi wanka, a sa kaya masu tsabta, ba dole sai sababbi ba. A je da wuri. A fara da sallama. Waƙarmu tana da mai bayarwa da 'yan amshi, don haka 'yan amshi kada su danne ta da ihu, ita kuma kada ta riƙe lasifika in lokacin wata ya yi. Wadda ta yi tuntuɓe ta nisa ta ci gaba, kada ta ruga. Wadda ta gama ta zauna ta saurari na bayanta. A tashe kuwa, a yi sallama a zaure, gidan da aka ce a je gaba a je gaba, abin da aka bayar a karɓa a gode, hatsi ne ko kuɗi.

Nauyin dai yana wuyan manya. Duk wadda ta taɓa kallon musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta ga yadda wuri ke yin tsit. In yaro ya kakare, alƙalai ne kawai ke da ikon tsayar da shi, babu mai tuna masa daga cikin taro, babu mai dariya. Ba mu ce ƙasida ko waƙar makaranta ta kai darajar karatun Alƙur'ani ba, amma yaron ai ɗaya ne, tsoronsa ma ɗaya ne. A taron unguwa kuwa, yarinya na mantuwa da baiti sai ka ji shewa, wata ta ɗaga murya ta ce 'yar wance ce. Malamai sun yi makonni suna bita da ita bayan la'asar. Dariyar minti ɗaya ta isa ta sa baɗi ta ce ita ba za ta yi ba, kuma a aji ma ta daina ɗaga hannu.

Yanzu ga waya ta ƙara wani abu. Ana tsayawa a gaba ana ɗauka, tsofaffin da ke kan tabarma ba sa ganin komai sai bayan mutane. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne a ɗauki yaron da ya yi kuskure ko ya fashe da kuka, a tura WhatsApp ko Facebook don a yi dariya. Ɗan wani ne fa, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Sai liƙi, kuma a nan muna roƙon a yi mana haƙuri. Mun san don ƙauna ake yi. Amma ku dubi layin yaran: ɗaya dangi sun rufe ta suna manna mata kuɗi a goshi har waƙar ta tsaya, ta kusa da ita marainiya ce, ta fi kowa iya baitin, babu wanda ya taso. Tana tsaye tana kallo. Ga shi kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da taka naira, hukuncinta ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun, kuma a 2024 an ɗaure wani a Legas a kan haka.

Abin da ya fi mana ciwo duka shi ne tashi da wuri. Mace na ganin ɗanta ya gama sai ta naɗe mayafi, ta kira ƙannensa, ta ratsa taro. Kafin a zo kan 'yan ƙaramin aji, waɗanda galibi su ake bari a ƙarshe, kujeru da tabarmi sun zama wayam, sai malamai da masu jiran shinkafa. Mun san akwai girkin dare, akwai mai gida, akwai awaki. Wadda ba za ta iya zama ba ta zauna kusa da ƙofa tun farko, ta fita tsakanin waƙa da waƙa, ba a tsakiyar ta ɗan wata ba.

Mu 'yan kasuwa ma da namu. Taro kasuwa ne, kowa ta sani, zoɓo da awara da ƙuli-ƙuli suna tafiya ranar walima. A kasa kaya a waje, a sayar kafin a fara da bayan an tashi, 'yan talla kada su ratsa layi yara na waƙa.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya, Hajiya shugaba. A walima ta gaba, mu fitar da mata huɗu su je da wuri, su shimfiɗa wa masu goyo tabarma a baya, su ajiye faranti ɗaya a bakin ƙofa. Mai niyyar liƙi ta sa a ciki, a ƙirga a gaban shugaban makaranta, a raba wa duk yaran da suka tashi daidai wa daida, ko a saya musu littattafai. Mu 'yan aji mun ɗauki nauyin rubuta lissafin, tunda yanzu mun iya. Muna roƙon sakatariya ta sa maganar cikin abin da za a tattauna a zaman wata mai zuwa.