Aikin Gwamnati: Mu Leƙa Ruwanda da Kenya

Kowace safiya ma'aikata na fitowa daga unguwar Gidan Dare da ke Sakkwato a kan kabu-kabu sun nufi ofis. A bayansu sai ka hangi dattijon da ya yi ritaya, takardunsa a cikin leda, zai je bin haƙƙinsa daga tebur zuwa tebur, a ƙarshe a ce masa, "Baba, a dawo gobe, oga bai shigo ba."

Tsari kam muna da shi. Tun 2004 gwamnatin tarayya ta kafa SERVICOM domin kowace ma'aikata ta faɗa wa jama'a aikin da za ta yi musu da lokacin da zai ɗauka. Bibiya ce ta yi ƙaranci.

A Ruwanda, tun 2006 shugabannin gundumomi ke sa hannu a gaban shugaban ƙasa kan ayyukan da za su kammala a shekara. Idan shekara ta zagayo a auna kowa, a bayyana na gaba da na baya, duniya na ji. Gaskiya ne an zargi wasunsu da kumbura alƙaluma, don haka dole mai awo ya zama ba yaron wanda ake aunawa ba. Kenya kuwa ta buɗe cibiyoyin Huduma a 2013, inda mutum ke neman katin shaida da takardar haihuwa a zaure ɗaya.

Muna roƙon Shugaban Ma'aikatan Jihar Sakkwato ya sa a manna a ƙofar kowane ofis kwanakin da fayil zai yi kafin ya fito, da inda talaka zai kai kuka idan an saɓa.