YARO MAI GALAHANGA DA ABINCI: BA TAURIN KAI BA NE

Maganarmu ta yau a kan ƙannenmu ce masu lalurar otizim, wadda ake kira galahanga.

Za ku ga yaro ya kafe a kan abinci ɗaya, farar shinkafa ko burodi, miyar kuɓewa kuwa ko kallonta ba ya yi. 'Yan uwa, wannan ba taurin kai ba ne. Yauƙin abinci da ƙamshinsa suna damunsa fiye da yadda suke damunmu. Duka da ɗura ba abin da suke ƙara masa sai tsoron kwano.

Na biyu, akwai masu cewa a hana shi alkama da madara zai warke. To, a 2013 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a ɗauki wannan hanin a matsayin maganin lalurar. Cire madara ba tare da madadi ba kuwa yana tauye wa ƙashi sinadarin kalsiyam.

Abin yi shi ne a riƙa ajiye sabon abinci kaɗan gefen wanda ya saba, ana maimaitawa da haƙuri. In wani abinci yana sa shi ƙuraje ko gudawa, a lura, a kai wa likita.